Yadda Za Ka More Kiɗa, Wasa da Sana'ar Hannu Idan Zama Ya Kai Ka Ƙauye a Arewacin Kamaru

Shekarar da aiki ya ɗauke ni daga Garwa ya ajiye ni a wani ƙauye da ke kan hanyar Gidar, sai da na yi wata uku cikin kewa. Da an idar da sallar isha'i gari ya yi tsit, babu lantarki, sai hasken tocila da haushin karnuka. Wani dare na jiyo ganga daga nesa, can hayin rafi, har na yi barci ba ta daina ba. Da gari ya waye na tambayi mai gidan da nake haya, ya ce biki ne na kwana uku, jiya aka tashi, kuma babu wanda bai je ba a unguwar. Na ce, "Baba, me ya hana a gaya mini?" Ya dube ni ya ce, "Malam, ai ba ka taɓa tambaya ba."

A birni ana liƙa takarda a bango, ana shela a rediyo, ana sayar da tikiti a bakin ƙofa. A ƙauye labarin wasa a bakin mutane yake yawo, kuma wanda ba a sani ba ba ya jin sa. Matakan da zan jero a nan su ne waɗanda na bi daga ranar nan, ko malamin makaranta ne kai, ko ma'aikaciyar asibiti ce ke, ko ɗan garin da ya daɗe a birni ya komo gida.

Mataki na farko: ka fara da ƙofar mai gari

A ƙasar lamidai sarauta hawa-hawa take: lamido a sama, lawan a ƙarƙashinsa, sannan jauro mai riƙe da ƙauye ko unguwa. Idan ka yi arewa wajen Mora da Kusuri, bulama za ka fi ji. Ko wane ne, ka sayi goro na sefa 500 ko 1,000, ka nemi dattijo ɗaya da ya san ka ya raka ka da hantsi ko bayan la'asar. Ka tuɓe takalmi tun daga bakin zaure, ka durƙusa, ka ce "Ranka ya daɗe", ko "Barkama" in Bafillace ne. Bayan gaisuwa ka faɗi buƙatarka ba tare da kwana-kwana ba: kai baƙo ne, kana sha'awar al'adun gari, in za a yi biki ko wasa kana roƙon a aiko maka da yaro. Ba a kada ganga a gari ba da sanin mai gari ba, saboda haka babu wanda ya fi shi sanin abin da ke tafe.

Sai kuma harshe. Hausa za ta kai ka nesa, amma daga Ngaundere har Marwa Fulatanci ne harshen kasuwa, a Kusuri da tsallaken Cadi kuma Larabcin Shuwa. Ka riƙe kalmomi kaɗan: "Jam na?" wajen gaisuwa, "Useko" wajen godiya, "Ɗum ɗume?" in kana tambayar mene ne wannan, "Dala noy?" in kana tambayar kuɗi. Tsohuwar da ta ji ka yi ƙoƙarin gaishe ta da harshenta za ta ajiye maka kujera.

Mataki na biyu: ka yi wa kanka jadawalin shekara

Ka sayi ƙaramin littafi, ka ware shafi biyu. A na farko ka rubuta ranakun kasuwannin da ke kewaye da kai. Manyan an san su: Pitowa, wadda ke kusan kilomita 15 daga Garwa, ran Lahadi take ci; babbar ranar kasuwar Marwa Litinin; Pus a bakin kogin Logon ran Talata; Mokolo ran Laraba; Turu ran Alhamis; Mora ran Lahadi. Ƙanana kuwa masu babur ɗin haya za su lissafa maka su a tsaye, domin da su suke cin abinci.

Shafi na biyu na lokutan shekara ne, kuma shi ya fi muhimmanci, don kowane wasa da lokacinsa. Daga Yuni zuwa Satumba kowa yana gona. Kada ka nemi dandali a lokacin, ka nemi inda ake gayya, ka ɗauki fartanya ka bi. A nan za ka ji waƙar noma a inda aka haife ta, mai ganga yana bin bayan manoma yana zuga wanda ya fi sauri. Da kaka ta yi, daga Oktoba zuwa Disamba, hatsi ya shiga rumbu, jiki ya samu hutu, sai kokawa da dambe da sharo su tashi. Idan kamfanin SODECOTON ya biya kuɗin auduga, bukukuwan aure su kan yi yawa har ka rasa wanda za ka je. Wajen Fabrairu a ƙasar Marwa ake girbin masakwa, dawar rani da ake dasawa a laka bayan ruwa ya janye, ita ma da nata shagalin. Da bazara kuwa, lokacin da zafi ke hana tafiya, masu sana'a ke zaune a inuwa: ana saƙar zana, ana baibayar ɗaki, ana ginin tukwane, domin yumɓu ba ya bushewa da damina.

A kan wannan ka ɗora watannin Musulunci. Tashe yana farawa idan azumi ya kwana goma. Da Mauludi ana kwana ana waƙoƙin bege. Ga sallah ƙarama da babba. Kada ka raina ranakun gwamnati ma: ran 11 ga Fabrairu, bikin matasa, da ran 20 ga Mayu, bikin ƙasa, kowace ƙabila da ke gundumar tana fito da 'yan rawarta a filin fareti. In kana son ka ga rawar Gidar da ta Fali da ta Mundang a wuni ɗaya ba ka biya kuɗin mota mai yawa ba, to ranar ce.

Mataki na uku: ka koyi cin kasuwa da ido

Ka isa da wuri, kafin rana ta take, ka wuce layin 'yan atamfa da robobi kai tsaye zuwa gefen kasuwa. A can ƙarƙashin itatuwa masu aikin hannu ke zama: maƙera da zuga-zuginsu, dukawa, masu tabarmi da faifai da malafa, mata masu tukwane da ƙore. Ka zaɓi mutum ɗaya kawai a rana. Ka gaishe shi, ka nemi izini ka zauna, ka yi shiru na ɗan lokaci kana kallon hannunsa. Tambaya tana zuwa daga baya.

A kasuwar Pitowa na taɓa zama kusa da wata tsohuwar Bafillata mai zanen ƙwarya. A gabanta akwai kasko da garwashi, da wuƙaƙe uku masu ƙotar icce a cikin wutar. Ta kifa ƙwaryar a cinyarta, ta zaro wuƙa ɗaya ta hura mata iska, ta ɗora bakin a jikin ƙwaryar. Hayaƙi siriri ya tashi da ƙauri mai kama da na gasasshiyar gyaɗa. Wuƙar ba ta cika motsi ba, ƙwaryar take juyawa da hannun hagu, layin yana fita baƙi wuluk, daidai da na bayansa. Kafin wuƙar ta huce ta mayar da ita wuta ta zaro ta biyu. Babu awo, babu alli. Na ce, "Inna, wa ya koya miki?" Ta ce kakarta, kuma kowane zane da sunansa. Ta bi su da yatsa tana faɗa mini ɗaya bayan ɗaya.

Idan ka zauna wurin mai sana'a ka ci lokacinsa, ka sayi wani abu kafin ka tashi, ko ludayi ne. Ka tuna lissafin kasuwa da dala ake yi, dala ɗaya sefa 5 ce: dala ashirin sefa 100, dala ɗari sefa 500. Ciniki al'ada ce, ka taya, amma ina roƙonka kada ka matse wadda ta yi kwana biyu a kan ƙwarya ɗaya saboda sefa 200. Dillalin da zai kai kayan cibiyar masu sana'ar hannu ta Marwa ya riga ya matse ta. Ranar da ka shiga Marwar kuma, bayan ka ga jakunkuna da takalman fata a rumfuna, ka nemi a kai ka majema, ka ga yadda ake jiƙa fata da bagaruwa kafin ta isa hannun baduku.

Mataki na huɗu: dandali da ladubbansa

Ranar da yaron jauro ya zo ya ce yau akwai wasa, ka canja kuɗinka zuwa ƙanana tun da rana. Ka tafi da ɗan gari, ka tsaya inda ya tsaya. Wurin maza daban, wurin mata daban, gaba kuma na dattawa ne. Kada ka ratsa tsakiyar fili, musamman a fagen dambe da kokawa, inda 'yan wasa ke da camfe-camfensu game da wanda ya tsallaka musu.

Ka kasa kunne ga kayan kiɗan, domin su ke gaya maka na wane ne wasan. Kalangu na mahauta ne, shi ya sa ba a raba shi da dambe. Goge da kukuma na zaman hira ne, shantu na mata ne a ɗakin amarya, sarewa ta makiyaya ce. A ƙasar Marwa akwai mboku, waƙar baka ta Fulani wadda maza ke tsayawa a jere suna rerawa ba tare da kayan kiɗa ba, suna ba da labarin yaƙe-yaƙe da yunwa da halin zamani. Masu yin ta sun ragu sosai. In ka ji za a yi a kusa, ka bar duk abin da kake yi ka je, ka nemi wanda zai riƙa fassara maka a kunne.

Idan maroƙi ya kama sunanka, an karrama ka ke nan. Ka tashi ka liƙa abin da ya sawwaƙa, ka koma ka zauna. Makaɗin ƙauye ba shi da albashi, kuma wanda aka daina yi wa liƙi ɗansa babur ɗin haya zai kama, gangar ta mutu a rataye. A wajen sharo kuma ka kame bakinka. Saurayin da ya tsaya ana zuba masa bulala yana kallon madubi bai motsa ba, mutuncin gidansu yake karewa, dariya ko tsaki daga baƙo na iya jawo rigima.

Mataki na biyar: ka shirya wa hawan sallah tun da sauran kwanaki

Wannan shi ne babban kallon shekara, kuma kusan duk inda kake akwai fada a kusa, ba lallai sai ta Garwa ko Marwa ko Ngaundere ba. Tun da Modibbo Adama ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu a 1809 aka yi ta kafa waɗannan masarautu, shi ya sa Bahaushe ba ya jin baƙunta a cikinsu. Za ka ji ana kiran Galadima da Sarkin Fada da Sarkin Yaƙi, ka ji kakaki da algaita kamar kana Katsina. Fadar Rai Buba da doguwar ganuwarta ta ƙasa ta fi kowace suna, amma ni ƙananan fadoji sun fi mini daɗin kallo, domin a nan kana iya matsawa kusa har ka ga ɗinkin lifidi da zoben sulke.

Ka tambayi jauro ranar da sa'ar hawan, don wasu wurare ranar idi ake yi da yamma, wasu kashegari. Ka yi alkawari da mai babur tun jajibiri, ka biya rabi. Ka isa aƙalla sa'a ɗaya kafin lokaci, ka nemi wuri mai inuwa ta gefen ƙofar fada, nesa da inda dawaki ke yin birki. Mahaya za su taho a guje, takubba da masu a sama, su ja linzami dab da lamido, ƙura ta turnuƙe. Doki ba ya sanin ɗan kallo, saboda haka yaro ƙarami a kafaɗa ake ɗaukarsa. Ka bi umarnin dogarai, ka ɗauki ruwa, ka sa tufafi na mutunci. In kana da wanda ka sani a cikin mahaya, ka je gidansa da safe ka ga yadda ake ɗaura wa doki sirdi da jalala. Wannan kallon ba kowa ke samunsa ba.

Mataki na shida: ka leƙa gidan maƙwabta

A nan ne da yawa daga cikinmu muke yin asara. Mukan zauna shekara ashirin kusa da mutane, muna sayen dawarsu, ba mu taɓa ganin rawarsu ba. Arewacin Kamaru ƙasa ce ta harsuna masu yawa, kowanne da nasa.

A duwatsun Mandara, Mafa suna da bikin maray. Ana tsare bijimi a wani ɗaki na musamman ana kiwonsa tsawon lokaci, ranar biki a fito da shi da busa da rawa, sannan a yanka shi domin kakanni. Ba kowace shekara ake yi ba, kowane gari da nasa zagayen. A cikin waɗannan duwatsun ne kuma tsofaffin gine-ginen dutse na Diy-Gid-Biy suke, waɗanda hukumar UNESCO ta sa cikin jerin kayan tarihin duniya a 2025. A kasuwar Turu mata suna kifa jar ƙwarya mai sheƙi a ka kamar hula. Can gabas, Tupuri suna da gurna: da rani maza sukan fita bayan gari da shanunsu, su sha madara, su shirya doguwar waƙa a kan abin da ya faru a shekarar, sannan su yi rawa a da'ira da sanduna a hannu. A wajen Pus za ka ga ɗakunan Musgum, na laka zalla ba azara ba ginshiƙi, masu tsini kamar tulun da aka kife, wasu kan kai mita 9. Tudun da aka jera a jikinsu matakala ne na mai gini, kuma su ke raba ruwan sama kada ya zaizaye bangon. Wanda ke zaune wajen Kusuri, in ya haye gada zuwa Njamena, garin Gawi na Kotoko bai wuce kilomita 10 daga birnin ba, da manyan randunansa da bangayensa masu zane da gidan tarihi a tsohuwar fada.

Hanyar shiga ɗaya ce: aboki daga cikinsu ya gayyace ka. Abokin aiki, ko uban ɗalibinka, ko wanda kuke ciniki. Ka gaya masa tun a gida abin da addininka bai yarda ka ci ko ka sha ba. A yawancin waɗannan bukukuwa ana shan giyar dawa da ake kira bilbil, kuma masu gida sun san Musulmi ba ya sha. In an miƙo maka, ka yi godiya ka dafa ƙirji, za a kawo maka ruwa ko gyaɗa. Inda aka ce baƙo ba ya wucewa, ka tsaya. Kada ka kira abin da suke girmamawa da sunan raini, ko da a Hausa ne kana zaton ba sa ji. Suna ji.

Maganar tsaro kuma ba ta wasa ba ce. Tun 2014 hare-haren Boko Haram sun taɓa yankunan kan iyaka a Mayo Canaga da Mayo Sava da Logon da Shari, Turu ma tana cikinsu. Kafin ka kama hanya ka tambayi mutanen wurin da jami'an tsaro, ka riƙe katin shaidarka, ka tafi da rana ka dawo da rana. In an ce ka dakata, ka dakata, wata shekarar tana zuwa.

Mataki na bakwai: ka sa hannu

Ka zaɓi sana'a ɗaya mai sauƙin kaya, ka nemi wanda zai koya maka. Ni saƙar tabarmar kaba na koya wurin wani dattijo da ke zama a gindin tsamiya bayan masallaci. Ga yadda ya bi da ni. A jiƙa kabar tun dare don ta yi laushi. Da safe a tsaga ta da bakin wuƙa, kowane zare faɗinsa ɗaya da ɗan'uwansa, don in sun bambanta saƙar za ta karkace. Wadda za a yi ado da ita a dafa ta da karan dafi ta yi ja. Sannan a fara saƙa doguwar ɗauri mai faɗin yatsu huɗu, ana cusa sabon zare kafin tsoho ya ƙare, ana naɗe abin da aka saƙa a ƙarƙashin cinya. In ta yi tsawo sai a jera, a haɗa gefe da gefe da basilla. Sati biyu yana warware abin da na saƙa yana cewa, "Sake, ɗana, hannunka yana sauri." Bai taɓa yanka mini kuɗi ba. Nakan kai masa sukari da ganyen shayi duk ran kasuwa, da sallah kuma na ɗinka masa riga.

Ke kuma, ƙofofin da ke rufe ga maza a buɗe suke gare ki: ɗakin da ake kitso da lalle, tsakar gidan da ake saƙar faifai, wurin maginiya in tana goge tukunya da dutse kafin a kai ta wuta. Waƙoƙin niƙa da na daka da na reno a can suke, kuma ba a rera su a gaban baƙo namiji.

Mataki na takwas: waya da daren tatsuniya

Waya tana da amfani in an bi da ita ta hanya. Ka nemi izini kafin ka ɗauki hoto ko murya, ka faɗi abin da za ka yi da shi. Kada ka sa matar wani ko 'yar wani a Facebook ko WhatsApp ba da yardar gidan ba. Ka cika batir wurin mai cajin sola tun da rana, ka sayi katin ajiya na daban domin wannan aikin. A farkon kowace ɗauka ka faɗi sunan gari da kwanan wata da irin wasan, domin bayan shekara biyu ba za ka tuna ba. In ka shiga gari ka wanke hoto ka kawo wa mai shi, ko ka tura wa ɗansa muryar.

Na ƙarshe ba ya buƙatar kuɗin mota. Daren da wata ya yi haske, ka shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, ka dafa shayi, ka aika a ɗauko tsohuwar unguwa, ka tara yaranka da na maƙwabta. Wayoyi a aljihu. Ka ce, "Iya, yaran nan ba su san Gizo da Ƙoƙi ba." Za ta ce ta manta, ta tsufa, a ƙyale ta. Kada ka matsa, ka miƙa mata kofi, ka sa yaro ɗaya ya fara tasa ko da a karkace. Ba za ta iya jurewa ba, za ta katse shi ta ce ba haka ake faɗa ba. Ta gyara zama, ta ce, "Ga ta nan, ga ta nanku." Sai ku amsa gaba ɗaya, "Ta zo mu ji ta."